Kafin Alƙalamin Gidan Koki

Jiya ɗana ya tambaye ni nawa ya kamata mutum ya bayar kafin alƙalami in zai sayi gida. Ina buɗe baki sai na ji muryar Kawu, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka yi mini tayin wani gidan ƙasa a unguwar Koki. Na tattaro duk abin da na tara a koyarwa, ina rawar jiki kada wani ya riga ni. Kawu ya ce sai ya gani da idonsa.

Da muka isa gidan, ko kallon dillalin da ya kawo tayin bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa azara da sandarsa, ya ɓantari katanga ya murje a tafin hannu, ya shinshina. Har yau ina jin ƙanshin ƙasar nan haɗe da turaren rigarsa.

"Nawa za ka ba su?"

"Duka, Kawu."

"Damina kuma da me za ka tare ta? Ba su kashi ɗaya cikin uku a gaban mai unguwa, su ba ka makulli, a yanka maka lokacin cikawa. Sauran na yaɓe da indararo ne. Ruwan sama ba ya jiran albashi."

Na ji haushi, amma na bi. Daminar nan ta kayar da katangar maƙwabtanmu, tamu ko tsagewa ba ta yi ba. A zauren wannan gidan na ba ɗana amsar Kawu jiya.

Allah ya ba Kawu gida a Aljanna, wanda ba ya buƙatar yaɓe.