Ranar da Mai Sito Ya Zo Duba Littattafan Intanet

Duk abin da zan manta na aikina a laburaren kwalejinmu da ke Kazaure, ban da ranar da Alhaji Sule, mai kula da sito, ya zo duba kayan da ba a ɗauka da hannu. Lokacin ina mataimakin jami'in laburare a ƙarƙashin shugabarmu, Hajiya Binta. Damina ce, ɗaliban shekarar ƙarshe suna tsakiyar rubuta bincikensu.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku sani littattafan intanet ba haka kawai ake sayensu ba. Da farko kowane sashe yakan faɗi abin da malamansa da ɗalibansa ke bukata. Sai kwamiti ya zauna ya tace. Daga nan kamfanin da ke da rumbun littattafan ya buɗe mana shi na ɗan lokaci mu gwada. A lokacin gwajin ne ake duba ko littattafan sun dace da darussanmu, ko mutane da yawa za su iya buɗe littafi ɗaya a tare, da kuma ko ɗalibi zai iya shiga daga gida da wayarsa. Hajiya ta bi duk wannan. Ta ajiye kamfani guda saboda shafinsa ba ya buɗuwa in sabis ya yi rauni, ta zaɓi wani.

Saura abu ɗaya. A dokar kwaleji, duk abin da aka saya sai mai sito ya gani da idonsa ya sa hannu kafin a biya. Alhaji Sule ya ce bai ga mota ta sauke komai ba, don haka ba zai sa hannu ba. Wa'adin gwaji kuwa ranar Juma'a zai ƙare. In ya ƙare ba a biya ba, a rufe rumbun, ɗalibai su tsaya a tsakiyar aiki. Ban ga laifin Alhaji ba. Ni ma da nake buga wa kowane littafi hatimi, abin bai zauna mini ba.

Hajiya ta aike ni na roƙe shi ya zo. Ya zo ranar Laraba da hantsi, ya tsaya ya dubi kantoci.

“Hajiya, ina kayan? Ko aljanu kika saya wa?”

“Ranka ya daɗe, zauna tukuna. Suna cikin kwamfutar nan.”

Ta buɗe masa wani littafin noma mai hotuna. Ya ɗaga hannu ya ce a'a. Shi in an kawo kwali, daga ƙasa yake fara dubawa, domin 'yan kwangila mai kyau suke ɗorawa a sama. Ya sa aka gangara har littafin ƙarshe a jerin, sannan ya ce a nuna masa shafin ƙarshe. Ya buɗu. Ya zaɓi wani daga tsakiya, shi ma ya buɗu.

“To. Yanzu da na ɗauki wannan, wani sai ya jira ni?”

Hajiya ta ce in je wata kwamfutar in buɗe wannan littafin. Na buɗe. Ga shi a gabana, ga shi a gabansa. Sannan ta kira wani ɗalibinmu a waya, Malam Nura, malamin firamare a Gwiwa, wanda ke zuwa karatu a ƙarshen mako. Ta faɗa masa sunan littafin da shafin da muke kai. Aka yi jim, muna jin hayaniyar ɗalibansa. Can sai ga muryarsa yana karantowa, Alhaji yana bin layin da yatsa, kalma bayan kalma.

Shekara da shekaru ina tsare littafi guda a bayan tebur, ina sa mutane layi, ina ƙwacewa daga hannun mai karatu in lokacinsa ya cika. Malam Nura kansa ya sha zuwa a babur cikin ruwa, ya tarar littafi na hannun wani, ya koma. Yau ga shi yana karatu daga Gwiwa, ba a rage wa kowa komai ba.

Alhaji ya cire tabarau ya goge.

“Tambaya ɗaya ta rage. In baɗi ba a sabunta yarjejeniya da kamfanin ba, me zai rage mana?”

Na dubi Hajiya. Da ta ce namu ne, da ya yarda, don bai san abin ba.

“Babu komai, ranka ya daɗe. Haya ce. Ranar da aka daina biya, a rufe.”

Na ce a raina shi ke nan, an rasa. Alhaji ya sake duban shafin nan.

“Ashe ba kayan sito ba ne,” in ji shi. “Kamar wutar lantarki ce. Ba zan rubuta na karɓa na ajiye ba, don ƙarya ce. Zan rubuta na gani yana aiki. Amma duk shekara a kira ni in sake gani.”

Haka ya rubuta, ya sa hannu. Juma'a ta zo ta wuce, rumbun a buɗe, ɗalibai suka gama bincikensu.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, aikinmu ba tsare takarda ba ne, kai karatu ne ga mai nemansa, ko yana ina. Na kuma ga mutum biyu, kowanne ya tsaya a kan dokar aikinsa, babu wanda ya yaudari ɗan'uwansa, kuma aikin ya tafi. In kamfani ya kawo muku gwaji, ku fara dubawa daga ƙasa. In an tambaye ku ko namu ne, ku ce haya ce.