Inda Mai Hoto Ya Tsaya

In ka tambayi mutanen ƙauyen nan na yamma da Gozaki aikin da Matta ɗan Gwadabe yake yi a Amurka, kowa da amsar da zai ba ka. Wani ya ce direban kumbo ne, wani ya ce taurari aka sa shi ƙirgawa. Wansa Sanda, da yake ba ya son ƙarin gishiri a magana, cewa yake yi ma'aji ne kawai. Duk cikinsu Sanda ne ya fi kusa da gaskiya.

Ranar Asabar aka haife shi, don haka Ɗanasabe ubansa ya raɗa masa. Matta kuwa a makarantar mishan ta Malumfashi ya samo shi, ranar da aka yi masa baftisma. Gwadabe Bamaguje ne na sosai, bai taɓa leƙa coci ba, bai taɓa leƙa masallaci ba, amma bai yi faɗa a kan sunan ba. Ya ce in dai za su koya wa yaron lissafi, su kira shi duk abin da ya yi musu daɗi, shi dai Ɗanasabe ya haifa. Lissafin kuwa ya zauna. Daga Malumfashi sai jami'a a Zariya, inda ya fara cin karo da kwamfuta, ta zamanin da sai an huda kati ake yi mata magana. Daga nan wani malaminsa ya yi masa hanyar ƙaro karatu, ya shiga jirgin ƙasa a Funtua ya nufi Ikko, daga can ya wuce Amurka. Da ya gama karatun sai wata cibiyar binciken sararin samaniya ta riƙe shi.

Aikin nasa ga yadda yake. In an harba kumbo zuwa wata duniyar, irin su Mas ko Jupita, hotuna yake aikowa. To, hoto shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai. Sai an san inda kumbon yake lokacin da ya ɗauka, da inda ya sa gaba, da ɓangaren da rana take haskowa, sannan masana za su iya cewa ramin nan a wuri kaza yake, faɗinsa kaza ne. Waɗannan bayanai su Matta suke tarawa, su tace, su zuba a manyan faya-fayan tef, su jera a ɗaki mai sanyi saboda masu zuwa nan gaba. Shi ya fi ƙwarewa wajen rubuta manhajar da za ka ba ta lambar hoto, ta zaƙulo maka inda kumbon yake a wannan lokacin. Ba irin aikin da ake buga sunan mai yinsa a jarida ba ne, kuma ya dace da halinsa. Mutum ne mai naci, marar yawan magana, wanda in ya ga faifai ba alama a jikinsa sai ya yini ransa a ɓace.

Zuwansa gida na farko da kaka ne, ana cirar auduga, jakuna da motoci sai jigila suke yi zuwa Funtua. Wata safiya Gwadabe ya ce ya taso ya raka shi gona. Suka tsaya a gindin wata tsohuwar ɗorawa a tsakiyar gandu, inda aka kife wata fasasshiyar tukunya.

"Nan Jibo yake, ubana," in ji Gwadabe. "Ran da tawa ta zo, kusa da shi nike so a sa ni. Wanka Sanda ya san wurin, amma shi hankalinsa na wajen taki da kasuwar Danja. Ban ce ka zuba giya ba, na san naku addinin ya hana. Wurin kurum za ka riƙe."

"Na riƙe, Baba," in ji Matta.

Yana rataye da kyamarar da ya aro wajen wani abokin aikinsa. Ya ja da baya, ya ce uban ya tsaya a gefen tukunyar, ya ɗauka. Shi ke nan. Mutumin da yake tsare Turawa da tambayar daga ina aka ɗauki hoto, bai auna inda shi ya tsaya ba, bai duba inda ya fuskanta ba. Ba sakaci ne kurum ba. A ƙasar nan da itace ake kwatance, iyakar gona da gamba, kushewa da ɗorawa ko tsamiya. Ɗorawar nan ta girmi kakansa, shi kuma tun yana rarrafe yake ganinta. Ko a mafarki bai kawo cewa itace ma tafiya yake yi ba.

Ya koma bakin aikinsa. Kumbo ya wuce wannan duniyar ya doshi waccan, faya-fayai suka yi ta ƙaruwa, ya yi aure can, furfura ta fara leƙo masa. A gida kuwa masara ta shigo da ƙarfinta, tare da takin zamani da tarakta. Wata damina iska ta kayar da ɗorawar, mata suka yi itacen girki da ita. Sanda, wanda gandu ya koma hannunsa, ya ɗauko hayar tarakta, aka tumɓuke kututturen, aka share gambar da ta raba gonakin, fili ya zama ɗaya. Tukunyar ta bi garma. Sanda ba mugu ba ne. Ya yi niyyar ajiye dutse a wurin, ya ce bari a gama shuka, sannan ya ce bari a yi girbi. Da aka yi girbin ya tsaya a tsakiyar filin, ya ga ko'ina iri ɗaya ne.

A lokacin yanar ido ta makantar da Gwadabe, ba wanda ya gaya masa abin da ya faru a gonar. Sai ranar da ya ce a ja shi zuwa gindin ɗorawa, aka shiga kame-kame. Bai zagi kowa ba. Ya sa aka kawo rikoda, ya yi magana a kaset, aka ba wani ɗalibi mai tafiya Amurka. Bayan gaisuwa da labarin damina, abin da ya faɗa bai da tsawo: "Ɗanasabe, sun ce ɗorawa ta tafi. Kai ka ce ka riƙe."

Matta ya sauka Funtua da rani, hoton na cikin aljihun rigarsa. Ya tarar da uban ya rame, yana zaune a kan buzu a bakin rumbu. Suka gaisa, tsohon ya shafa fuskarsa, ya ce ƙasar Turawa ba ta sa shi ƙiba ba. Bai tambayi zancen wurin ba, shi ma Matta bai tayar ba.

Washegari ya shiga gona ya fara abin da ya iya. A cikin hoton, can bayan kafaɗar ubansa, ana hango wani dutse mai tsaga a kansa, kuma kwanon rufin cocin ƙauye ya zo daidai ƙarƙashin tsagar. Dutsen na nan, cocin ma na nan. Ashe duk inda ya tsaya ran nan, a kan layin da rufin yake haɗuwa da tsagar ne, tukunyar da ke gabansa ma haka. Ya yi ta matsawa dama da hagu har suka haɗu, ya kafa kara, ya ja baya ya sake kafa wani, ya ɗaura igiya. Masu wucewa zuwa kasuwa suna tsayawa kallo, har aka fara cewa filin jirgi zai yi wa ƙauyen.

Layi dai ya samu, amma layi ba wuri ba ne. Sai da na biyu wanda zai gitta shi, mahaɗarsu ita ce wurin. Ya duba ɗaya gefen hoton da gilashin ƙara girma har idonsa ya yi ja, ba komai sai ganyen ɗorawa da rigar Gwadabe. Inuwa ta gaya masa da hantsi ne, abin da ya riga ya sani. Girman dutsen a hoton da zai taimaka, amma sai an san irin gilashin kyamarar, mai ita kuwa ya daɗe da barin cibiyar. Iyakar abin da ya iya shi ne ya rage tsawon igiyar ta nan da ta can. Sanda ya nuna wani wuri yau, gobe ya nuna wani. Ya kawo shawarar a haƙa a gani, sannan shi da kansa ya ji nauyin maganar ya janye ta.

Da yamma ta yi, Sanda ya ja shi gefe. "Kai, ka nuna masa ko'ina mana. Ba gani yake yi ba. In kai ka faɗa, wa zai musa?"

Matta ya ji maganar ta shige shi. Kunya ce take cin sa, irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ga hanyar fita an shimfiɗa masa. Amma ya san kansa. A wurin aiki in bayani ya ɓace, giɓi yake bari ya ce ba a sani ba, don ya ga yadda lambar da aka cike da ita take ɓatar da mutane shekara da shekaru. Ya ga ba zai iya yi wa ubansa abin da ba ya yi wa faifai ba.

Da safe ya riƙo hannun tsohon, suka taka a hankali har gonar. Ya ɗora masa hannu a kan igiyar.

"Nan ne?" in ji Gwadabe.

"Ban sani ba, Baba. Na ce na riƙe, ban riƙe ba. Abin da na tabbata, Kaka yana bisa igiyar nan, tsakanin wannan kara da wancan. Amma ko ta ina, ban sani ba."

Gwadabe ya murza igiyar da yatsunsa, ya ɗan ja ta ya ji ƙarfinta.

"Tsawonta kamar yaya?"

Matta ya duba. "Kamar daga ƙofar gida zuwa rijiya."

"To, ai ana jin kira," in ji tsohon. "Kai ni tsakiya."

Ya bi igiyar da hannu, Matta na tallafe da gwiwar hannunsa, Sanda na biye da su kansa a ƙasa. Da suka kai tsakiya ya tsaya, ya cire takalminsa, ya goga tafin ƙafarsa a ƙasa har ta yi ɗan gurbi.

"Ku sa ni nan. In yana gaba ya waiwayo, in yana baya ya iso."

Kafin ruwan shuka ya sauka Gwadabe ya rasu. Matta bai riga ya koma ba, shi da Sanda suka kama gatari da fartanya, suka haƙa a daidai gurbin ƙafar.