Da Aka Ɓoye Ni a Rufewa

Ranar wata Lahadi cikin watan Agusta na 1957, ranar kasuwar Filinge, muka kama hanya ni da Babana da jakinmu, an ɗora masa igiyoyin kaba da Baba ya tufka. An kwana ana ruwa. Kori, wato rafin damina da ke tsakanin tungarmu da gari, ya ci ya ƙoshi, ya ja baya ya bar laka da kumfa da karare maƙale a jikin sabara. Wata kamiyo, babbar motar kaya, da ta taso daga Yamai ta nutse a tsakiyarsa har gindi, fasinjojinta sun zube a tudu suna shanya kaya. Ba ita ta tsayar da Baba ba, don kamiyo cikin laka ba labari ba ce da damina. Abin da ya tsayar da shi wasu ƙananan turaku ne masu jan kai, a jere a bakin korin, da wani dogon mutum mai gajeren wandon kaki da ya duƙa yana leƙen wani ƙarfe mai ƙafa uku. Baba, mutumin da ko gobara ake ba ya gaggawa, ya damƙi wuyan hannuna har na ji a ƙashi, ya karkata jaki muka yi zagaye ta cikin geron mutane. "Kak ka ko dubi wajen," in ji shi. To, yaro ne aka ce wa kada ya duba, sai da wuyana ya yi ciwo don waiwaye.

A lokacin ban wuce shekara sha biyu ba, kuma muna hutun lakwal, wato makarantar boko, hutun da suna kawai ya tara. Da asuba Inna ta tashe ni in kai awaki bakin fadama, in dawo in ɗauki doguwar hauya in bi bayan Baba, mu yi ta turawa a tsaye har rana ta take, sannan ƙanwata ta iso da ƙwaryar fura a ka. Da la'asar ne nake da kaina. Sauran yara suna langa da kokawa a kan rairayi, ni kuwa kokawa ba ta karɓe ni ba, ko yaron da na girma da shekara biyu kayar da ni yake yi. Sai na koma gefe ina ƙera kamiyo da ɓargon kara, ina yi mata ƙafafu da fasasshiyar ƙwarya. Da na ga ba ta tafiya a rairayi sai na fara yi mata hanya da laka, da na ga ruwan bayan ɗaki yana cinye hanyar sai na fara yi mata kadarko da karan gero. Kowane ruwa ya share mini aiki, kowace safiya in sake. Inna tana cewa da a gona nake wannan naci da mun ciyar da ƙasarmu ta Kurfai gaba ɗaya.

Bakin fadamar da nake kai awaki ba shi da nisa da turakun nan, kuma awakina suka koyi son ciyawar wajen ba tare da sun san dalili ba. Mutumin mai ƙarfe ɗan ƙasar Sudan ne, wadda yanzu ake ce wa Mali, ma'aikacin Tarabo, wato masu aikin hanya na gwamnati. Da ya ji ina tsintar Faransanci sai ya yafito ni ya ce in sa ido a ƙarfen. Na sa, na kusa faɗuwa. Can ƙetaren kori na ga mai riƙe masa sanda tsaye da ka, ƙafafu a sama, gawon da ke bayansa ma saiwarsa a sama. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya nuna mini kararen da ruwa ya rataye a jikin itatuwa, ya ce ya zo da damina ne don kori ya faɗa masa da kansa iyakar inda yake kaiwa. Ya ce za su yi gada a nan, kuma kafin a aza dutse ɗaya sai an san nauyin da ƙasar wurin za ta iya ɗauka, da ƙarfin ruwan da zai bi ta ƙarƙashi. Ban taɓa sanin cewa abin da ke rushe mini kadarkon kara yana da lissafi ba. Na tambaye shi inda ake koyon wannan, ya ce sai an wuce Yamai an kai Bamako. Tun ranar na kamu, kuma ban warke ba har yau.

Abin da ban sani ba sosai shi ne tsakanin Baba da hanya. Na san yana da sanƙo a tsakiyar ka wanda ba na tsufa ba ne, na san ba ya cire riga a gaban mutane ko a tsakiyar noma. Inna ce ta ba ni sauran, rannan tana sussuka ina kore mata kaji. Kafin a haife ni, zamanin aikin tilas, gardawan Kumandan, wato dogaran Baturen mulki, suka zo tunga suka tasa samari gaba zuwa aikin hanyar Yamai. Aka tafi da Baba da ƙanensa Tanko. Suna ɗauko jar tsakuwa a kwando daga gindin dutse, a ka, daga fitowar rana har faɗuwarta, kwandon ne ya cinye gashin Baba. Baba ya dawo, Tanko bai dawo ba, yana kwance wani wuri kafin Baleyara da ko Baba ba zai iya nuna shi ba yanzu. Tun daga nan, in aka hango jar hular gardi, sai a zura samari cikin rufewa, rumbun laka mai baki a sama, a jera dammunan gero a kansu. An hana aikin tilas ina jariri, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shekara ta zagayo, na ci sartifika ta gama firamare, na ci jarrabawar shiga makarantar Yamai. Malaminmu, Mushe Kojo, ɗan Dahome ne mai son mu da tsawa, ya tako da kansa har gida da farin takalminsa ya yi wa Baba albishir. Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Sai daɗi ya ɗebe shi ya ƙara da cewa yaron nan kansa na lissafi ne, daga Yamai Bamako zai wuce, ya dawo babban ma'aikacin Tarabo. Baba ya gane sarai cewa makaranta ake nufi, amma kalmar Tarabo ce ta tsaya masa a rai. Ya bari Mushe ya sha ruwa ya tafi, sannan ya dube ni ya ce, "Bisa hanya mutum biyu na, mai ɗaukar kwando da mai riƙon bulala. Wane ciki kaka so ka zama?" Na ce yanzu ba haka ba ne. Ya ce haka gardawa ma suka ce wancan karon.

Kaka ta yi, aka fara yankan gero, masu Tarabo suka dawo bakin kori da buhunan siminti da leburori, aka kuma aiko cewa 'yan makarantar Yamai su hallara ranar kasuwa, kamiyo za ta ɗebe su. Ana gobe kasuwa Baba ya jingina tsani a jikin rufewarmu ya ce in hau. Ban yi gardama ba, a zamaninmu ba a yi. Ya miƙo mini gorar ruwa, ya jera dammuna a kaina kamar yadda aka yi wa na gabana, ya mayar da murfi. Wanda bai taɓa wuni cikin rufewa da kaka ba bai san ƙaiƙayi ba. Zafi, duhu, ƙurar gero a hanci, ga ɓera ɗaya da ya ɗauke ni baƙon da ya zo cin rabonsa. Sai magariba ake fito da ni in ci tuwo, da asuba in koma. Daga ciki na ji kukan kamiyo ta wuce da abokaina, na yi kuka har na gaji, ina jin haushin Baba, ina kuma jin tausayinsa saboda Tanko.

Bayan kasuwa Mushe Kojo ya zo. Suka zauna a inuwar rufewar, bayansu jingine da lakar da nake jingine da ita ta ciki. Baba, wanda ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ya ce na bi kawuna arewa da bisashe. Tari ɗaya zan yi maganar ta ƙare. Amma tarin nan zai mayar da ubana maƙaryaci a gaban baƙo, wataƙila ma ya kai shi gaban Kumandan, sai na cusa bakin rigata a baki na danne. Mushe ya ce za a riƙe mini wuri har kamiyon kasuwa mai zuwa, in ta wuce shi ke nan, a ba wani. Ya ƙara da cewa a gaida yaron in ya dawo daga arewa, ya kuma ƙwanƙwasa rufewar da ɗan yatsa kafin ya tashi.

Inna ce ta fasa ƙwai. Ba ta da yawan magana a gaban Baba, amma ranar ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, ka ɓoye ɗiya awa hatsi. Hatsi ma in ya daɗe ƙwari ka cin shi. Ga su can bakin kori, tahi ka gani da idonka, in da bulala ni da kaina ni ka ƙara mai dammuna." Washegari da hantsi Baba ya ɗauki sandarsa ya fita, gero na jiran yanka a gona, abin da bai taɓa yi ba. Daga baya masu kiwo suka ce sun gan shi a kan tudun da ke kallon aikin, zaune a rana ba ko inuwa, bai yi wa kowa magana ba, bai ɗauke ido ba har la'asar.

Da Baba ya dawo na ji takunsa a tsani, murfi ya buɗe, haske ya kashe mini ido. Ya ɗebe dammunan ɗaya bayan ɗaya, amma bai ce in fito ba, ya tsaya yana dubana daga sama. "Na ga wani ya zamna," ya ce. Ban gane ba, sai ya sake. Wani Bazabarme ne cikin leburorin, ya ajiye kwanon siminti da rana tsaka, ya je gindin gawo ya zauna, ya sha ruwa, ya miƙe ƙafa. Mai wandon kaki ya bi ta gabansa, ya dube shi, ya wuce. Baba ya ce ya jira bulalar har mutumin ya huta ya tashi don kansa. "Tanko zama ɗai yan nema," ya ce, ya juya fuska wajen gona. Da ya juyo sai ya miƙo mini hannu. "Hito. In Allah ya sa ka zama babba can, wanda duk yag gaji ka bar shi shi zamna. Shi ɗai na roƙe ka."

Kamiyon kasuwa ta biyu ta tafi da ni, da akwatin ƙarfe na aro da ƙullin ƙuli-ƙuli, jikina duk tabon susa. Karatun bai zo da sauƙi ba. A Yamai na sha lissafi har na fara mafarkinsa, a Bamako na koyi awon ƙasa da kwaɓin siminti da yadda ake ɗaure ƙarfe a cikinsa, na kuma gane cewa rabin aikin injiniya zaman jiran ruwa ne ya nuna halinsa. Na yi aiki gabas da yamma a ƙasar nan har na yi furfura. Duk inda aka ba ni aiki, kafin a sauke buhu ɗaya sai an kafa rumfa an girke randa, har leburori suka laƙaba mini Injiniya Rumfa, wasu manyana kuma suka ce ina lalata ma'aikata. Ban taɓa yi musu bayani ba. In na zo gida hutu, da zumuɗina in fara ba Baba labarin tsawon gadar da muka gama, sai ya bari in kai aya, ya gyara zama ya ce, "To, suna zamnawa?" In ce suna zamnawa, Baba. Sai ya ce madalla, ya koma tufkarsa.

Yanzu kwalta ta ratsa daga Yamai har Filinge, mota takan kai ka ta dawo da kai a wuni guda, tafiyar da a da in damina ta kama ka sai ka yi guzuri. Injuna ne ke ɗaukar tsakuwa, yaran da ke karatun aikinmu kuma a na'ura suke zana gada, su gwada ƙarfinta tun ba a haƙa rami ba, kuma sun fi mu sani, ba na musu. Sukan zo gaishe ni su tambayi wace gada ce ta fi ba ni wuya, wace hanya ce ta fi tsawo, in ba su amsa gwargwadon abin da na tuna. Rufewarmu ta daɗe da rushewa, Baba da Inna suna kwance a bayan tunga. Tambayarsa ce babu mai yi mini yanzu, kuma ita na fi kewa.