Katunan Murjanin Baban Hanifa

'Yan uwa, wallahi ni ba mai ƙirƙirar labari ba ce, abin nan a kaina ya faru, shekarun baya, kuma har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Lokacin muna zaune a wani ƙaramin flat a Salford ta ƙasar Ingila, maigidana Baban Hanifa yana bincike a jami'a a kan murjani. Ni da na san murjani a wuyan kakata kawai, sai a wurinsa na ji wai halitta ce mai rai a ƙarƙashin teku. Aikinsa haɗa katuna masu hoto waɗanda ruwa ba ya lalatawa, masu nutso da tukunyar iska a baya su riƙa dubawa suna gane kowane iri. Da yake ina gida, ni nake ware masa hotunan. Sunayensu na boko sun fi ƙarfin bakina, sai na raɗa musu nawa: mai kahon barewa, mai ƙwaƙwalwa, faifai. Amma akwai iri biyu masu ƙananan ramuka da kullum nake cakuɗawa. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Farfesa, dubi bangon mana! Wannan kowane rami da katangarsa, wancan kuwa bango ɗaya suke rabawa da maƙwabci, kamar gidajen Turawan nan." Sai ya juya hoton, ya zana 'yar da'ira da fensir a baya, alamar na yi kuskure.

Ya tafi wani tsibiri a tekun Indiya ɗauko sauran hotuna. Su uku suka nutsa, biyu suka fito. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka yi ta nema, ko takalmin ninkayarsa ba a gani ba.

Na ce zan shiga takaba, malamin masallacinmu ya ce a'a, ba gawa ba shaida, matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu. Ga ni nan, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Masu zuwa ma ba su san me za su ce ba, gaisuwar mutuwa ko jaje. Yayata Binta ta zo ta kwashe mu, ni da 'yata Hanifa, zuwa gidanta a Lozells, a Birmingham.

Bayan wata bakwai wata Baturiya abokiyar aikinsa ta kawo min kwalin kayansa na ofis, a ciki har da hotunan da bai kai ga warewa ba. Wata Talata da hantsi, Yaya tana wurin aiki, Hanifa tana makaranta, na baje su a tebur ina warewa ina kuka, don dai in ji kamar yana nan. Azahar ta yi na hau sama na yi salla. Ƙofa a kulle, ni kaɗai ce a gidan, Allah ne shaidata.

Ina saukowa na ga an taɓa su. Hotuna huɗu an zare su daga inda na ajiye an mayar cikin 'yan uwansu, kuma a jiƙe suke sharkaf, ruwa na ɗiga daga bakin tebur. Na juya na farko, da'irar fensir. Na biyu, haka. Duka huɗun masu ramukan nan ne da nake cakuɗawa, kuma na rantse kafin in hau sama bayansu fari ne tas.

Ban gudu ba. Na ce da ƙarfi, "Baban Hanifa, in kai ne, don Allah gaya min, kana raye ko ka rasu? In san matsayina." Na ajiye fensir da farar takarda na zauna har la'asar. Shiru.

Yaya ta dawo ta duba rufi ko yoyo ne, a bushe. Ta ce, "Ke 'yar nan, gobe sai GP, likita ya duba ki, you are not sleeping, kin fara zane ba ki sani ba." Na ce, "To Yaya, ruwan fa?" Sai ta ɗauko Alƙur'ani. Malam kuwa da na kai masa cewa ya yi, "Hajiya, shari'a ba ta hukunci da jiƙaƙƙiyar takarda. Ki yawaita azkar, ki ci gaba da jira."

Na jira. Har shekara huɗun suka cika ina ajiye masa takarda, bai ƙara taɓa komai ba. Aka yanke hukuncin cewa ya rasu, na yi takabata wata huɗu da kwana goma. Ranar fita na shiga wanka, na watsa ruwan famfo a fuskata, sai na ji gishiri, gishirin da har idona ya yi zafi. A Birmingham fa, garin da ko ƙamshin teku ba ya ji. Yaya ta ɗanɗana ta ce ita lafiya lau ta ji.

Mutum biyu sun fito neman aurena tun daga nan, na kasa. A takarda ni bazawara ce, a zuciyata ban san ko wace ce ni ba, kuma na daina sa ran zan sani kafin ranar tsayuwa.

'Yan uwa mata, in mazanku za su yi tafiya, ku yafi juna a bakin ƙofa, ku yi sallama ta gaske. In kuma ruwa ya riƙe muku wani, ku yi masa addu'a kawai, kada ku kira sunansa a ɗakin da babu kowa.