Ranar da Inna Ta Kaɗa wa Dattijuwa Miya

Ranin da na shiga shekara goma, shekarar da gero ya ƙi yi a ƙasarmu ta Gwaram, ranar kasuwar Birnin Kudu, motar Babana ta tsaya cak a tsakiyar hanya tana ƙamshin miyar kuka. Ba wasa nake yi ba. Hantsi ya ɗaga, mun baro ƙauyenmu na wajen Dingaya da kwandunan tumatir maƙil a baya, ina zaune a gaba tsakanin Baba da Inna, gwiwata tana gogar sandar giya. Sai muka ji injin yana ɓararraka kamar tukunya a kan murhu, tururi ya turnuƙe gilashi, wani koren ruwa mai yauƙi ya fara dalala ta gefen bonet. Kawu Idi, ƙanen Inna, wanda yake can sama yana tsaron kwanduna, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, in miyar ta nuna a miƙo tuwo." Baba bai yi dariya ba. Inna kuwa ta ja mayafi ta rufe bakinta, kuma ba dariya take ɓoyewa ba.

Motar a-kori-kura ce, ta tsufa tun kafin a haife ni, shi ya sa kowa a ƙauyen yake ce mata Dattijuwa. An ce da can fara ce. Ni dai na tashi na gan ta da launin ƙasar hanya, da tabon walda nan da can kamar tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Baba ya ƙara mata sifirin a baya don ta ɗauki kaya, ya sa kafinta ya ɗaga mata bodi da katako, ƙofar direba kuma da guntun robar taya ake ɗaure ta. Ba ta tashi da makulli. Kullum a kan tudun bayan masallaci take kwana, hancinta yana kallon gangara, an sa mata dutse a ƙasan taya. Da safe mu yaran unguwa mu taru, a zare dutsen, mu tura da ihu, ta yi tari ta yi tari sannan ta kama, mu kuma mu koma gida baƙin hayaƙi a fuska muna jin mun yi aikin manya.

Baba ba ya kai ta gareji sai in walda ce ko an sauke inji. Sauran duk shi ne. Safiyar Juma'a kafin a tafi masallaci, yakan shimfiɗa tsohuwar tabarma a gindin darbejiya, ya zube sifanunsa daga buhun taki, ya shige ƙarƙashinta sai ƙafafunsa kawai ake gani. Ya wanke filogi da fetur a gwangwanin madara, ya hure kafireto da bakinsa ya tofar, ya yi facin taya da kansa. Tsohon baƙin mai ma ba ya zubarwa, maƙwabta suna zuwa da kwalba su ɗiba su shafa wa azara saboda gara. Yakan kara kunne a jikin bonet ya yi shiru, ya ce, "Tana faɗin inda yake mata ciwo, ku ne surutu ya hana ku ji."

Ƙannena maza a lokacin ƙanana ne, don haka ni ce karen mota. Sa'o'ina suna carafke da gaɗa a dandali, ko suna ɗinka wa 'yar tsanar kara zane, ni ina tsugune ina miƙa sifana. Ba wai an ɗauke mini aikin gida ba ne. Sai na ɗebo ruwa, na share tsakar gida, na kai wa awaki harawa, na dawo daga makarantar allo, sannan in ruga gindin darbejiya. Boko kam ba a sa ni ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa abin bai tsaya mini a rai ba. Ina jin yaran firamare suna rera karatu ta bayan katanga in na wuce da tulu. Sai da na haifi 'ya'ya na shiga ajin manya na kama fensir da hannun da ya riga ya yi kanta. Amma tun kafin in san baƙi ko ɗaya na san sifanar da take shiga kowane noti. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, yakan ce, "Uwata, zo da hannun nan naki, nawa ya ƙi shiga." Matan gidanmu suna ta mita wai lalle ba zai ƙara kama ni ba. Ya kama.

Babban ciwon Dattijuwa shi ne lagireto, wato tukunyar ruwan da take sanyaya inji. Yana yoyo ta wani ɗan tsago da ido ba ya gani. Maganin Baba garin kuka ne. Cokali ɗaya yake zubawa a ruwan, in ya yi zafi garin ya kumbura ya bi ruwa ya je ya liƙe tsagon, a samu kwanaki ana tafiya lafiya. To kukar nan ta Inna ce. Ita take sa a kakkaɓo ganye, ta shanya a inuwa don kada ya yi ja, ta daka, ta tankaɗe, ta adana a tukunya a bayan gadonta. Baba kuma ba ya roƙo, sai ta tafi rijiya ya shiga ya ɗiba. In ta dawo ta ga shatin cokali, gidan ba ya zaunuwa. "Mutane ba su ƙoshi ba, ƙarfe zai sha miya!" Haka take cewa da ƙarfi don ya ji daga zaure. Shi kuma ya yi kamar yana lazimi.

A shekarar da nake ba da labari, ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Rumbunmu bai kai rabi ba, kuma kafin rani ya raba Inna ta fara auna tsaba da ɗan ƙaramin kwano. Abin da ya rage mana shi ne lambun fadama. Baba da Kawu Idi suka zuba ƙarfinsu a tumatir, suna ban ruwa tun asuba, ni da ƙannena muna korar awaki. Allah ya sa ya yi kyau. Shirin shi ne a kai shi Birnin Kudu inda manyan motocin kudu suke lodi, a sayar, a juyo da buhunan dawa da za su kai mu kaka. Tumatir kuwa ba hatsi ba ne, ba ya jiran kowa. In rana ta dake shi a kwando, ko manyan motoci suka tashi ba mu iso ba, to abincin daminarmu ne ya zama ruwa. Kowa a gidan ya san haka, har ƙaramin cikinmu.

Inna ta ce za ta bi mu a sauke ta a Kangire, yayarta ta haihu za ta je barka. Da asuba, Baba yana masallaci bayan ya gama zuba cokalinsa, na hango ta a kan tudu da ƙwarya a hannu tana zagaya motar. Na ɗauka addu'a take tofa mata. Ashe tunanin mai girki ta yi. Ta ga kaya sun yi nauyi, hanya da nisa, ta ce a ranta cokali ɗaya me zai riƙe? Miyar da ta tsinke ai ba ta kama tuwo. Ta ɗaga bonet kamar yadda ta sha ganin ana yi, ta buɗe murfin lagireto, ta juye kusan rabin tukunyar kukarta, wadda take faɗa a kan cokali ɗayanta. Har da ɗan jiƙon kanwa ta ƙara don ta yi yauƙi sosai.

Wannan ne ya tsayar da mu a dajin nan, ba gida gaba ba gida baya, sai wata ruga can nesa da shanu suna kwance. Baba ya jira injin ya huce, ya buɗe murfin da tsumma, ya tsoma yatsa ya ɗago. Abin ya biyo yatsan yana zare. Duk ƙananan hanyoyin ruwan sun toshe da miya. Bai tambayi kowa ba, Inna da kanta ta sauko ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Malam, ni ce. Na ga kullum kana yi mata ƙwauro." Kawu Idi ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na zaci ranar zan ji muryar Baba ta tashi. Sai kawai ya share yatsansa a riga ya ce, "To, Allah ya ba da lada. Yanzu sai a san yadda za a yi ta amayar."

Muka tura motar zuwa gindin wata tsamiya. Abin da aka fara yi shi ne ceton tumatir: Kawu Idi ya sassaro ganye ya lulluɓe kwandunan, Inna ta kwance ƙunshin kayanta ta jiƙa zannuwa ta shimfiɗa a sama. Baba ya cire tiyo na sama da na ƙasa, ya kwance notuna, saura ɗaya can ƙasa a lungun da hannunsa ba ya kaiwa. Na kwanta a ƙasa mai zafi na zura hannu, ƙarfe yana ƙona mini gefen damtse, miya tana ɗigo mini a goshi, har notin ya saki. Aka ciro lagireton aka jingina da itace. Baba ya zuba ruwan jarka, ruwan ya tsaya a sama ya ƙi wucewa. Ya hura da baki har idonsa ya yi ja, ko motsi. Rana kuwa tana ta hawa, ina ganin yana satar kallon kwandunan.

Nan Inna ta ture shi gefe, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Miyata ce, ni na san yadda ake wanke tukunyarta. Ruwan sanyi ba ya fitar da kuka." Ta ja ni muka nufi rugar. Wata mata mai suna Dije ta tare mu, da ta ji abin da ya faru ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta ba mu babbar tukunya da itace da garwashi, ta sa 'ya'yanta mata suka yi ta jido mana ruwa daga rafi. Inna ta sa Kawu Idi ya hau tsamiyar nan ya kakkaɓo, ta jiƙa a tafasasshen ruwa, don duk macen da ta taɓa girki ta san tsami yana kashe yauƙi. Tana zubawa da ludayi, Baba da Kawu suna jijjiga lagireton kamar masu kaɗa nono, ana juyewa, ana sakewa. Da farko guda-guda yake fitowa, kore shar. Can ya tsinke. Can sai ga ruwa yana fita fari ta ƙasa. Aka ɗauraye cikin injin ma, aka mayar da komai, na sake kwanciya na ɗaura notina.

Da aka cika ruwa sai muka ji ɗis, ɗis, a kan busasshen ganye. Wankin ya tafi da miya, ya kuma tafi da liƙin da ya toshe tsohon tsagon. Baba ya tsaya yana kallon ɗigon, ya sosa ƙeya. Ya san a cikin kayan barkar da Inna za ta kai Kangire akwai ƙullin daddawa da ƙullin kuka. Mutumin da bai taɓa roƙo ba ya matso kusa da ita, ya rage murya ya ce, "A taimaka mini da cokali ɗaya." Inna ta kwance ƙullin a hankali, ta ɗebo, ta shafe kan cokalin da yatsa har ya yi daidai, ta ce, "Ka tabbata ya isa?" Kawu Idi ya ce don Allah kada a sake tambayarta.

Mutanen ruga suka taya mu turi. Ba a tsaya Kangire ba, Inna ta ce barka ta jira. Mun shiga Birnin Kudu la'asar ta yi, manyan motoci sun tafi saura ɗaya ana ɗaure mata tamfol. Dillalin tumatir ya bi kwandunan yana latsawa, ya ware na sama waɗanda rana ta taɓa, ya karɓi sauran. Waɗanda aka ƙi, Inna ta dawo da su gida ta yayyanka ta shanya a kan rufin ɗaki, muka sha miyar kauɗa har damina. Dattijuwa ta koma da buhunan dawa a bayanta, tana tafe tana ɗan ƙamshin tsamiya. Ba mu ƙoshi sosai a shekarar ba, amma ba a kwana da yunwa a gidanmu ba. Daga ranar Baba bai ƙara shiga bayan gado ba. Duk safiyar da za a yi tafiya, Inna ce take fitowa zaure da cokali a shafe, ta miƙa masa.

Yanzu ɗana yana jan tasa motar ɗaukar kaya tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. In ta yi tari sai ya ɗauko waya ya kira makaniki, a jona mata na'ura, a cire abu a jefar a sa sabo. Ban ce ba ci gaba ba ne, ta fi tamu gudu kuma ƙofarta tana rufuwa. Amma ban taɓa ganin ya kara kunne a jikinta ba, 'ya'yansa kuma ba su san ko da me take sha ba. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe Dattijuwa sai katakon bodinta da aka yi wa awaki ƙofa da shi. Tudun bayan masallaci an gina shaguna a kai. Cokalin dai yana wurina, Inna ta ba ni kafin ita ma ta bi shi. Da shi nake kaɗa miya, kuma har yau sai na shafe kansa da yatsa.