Dutsen Baba da Tsayin Alwatika

Ɗazu da la'asar 'yata Hadiza ta miƙo mini littafinta na lakol, wato makarantar boko: "Abba, ina ne tsayin alwatika?"

Ina yaro a Cadakori an taɓa ba mu irin wannan aikin gida. Ina ta auna gefen da ya karkata, Baba yana ɗaurin jinkar rumbu kusa da ni, sai ya leƙo.

Ya ce, "Wannan ai jinka ce. Ba a auna tsayinta ta gefe. Ɗaura dutse a igiya, ka sako shi daga ƙololuwa."

Na ce, "Baba, lissafin lakol ne fa, ba aikin rumbu ba."

Sai ya koma ga igiyarsa.

Washegari malam ya ba ni sifiri, ya ja layi daga ƙololuwa, daidai inda dutsen Baba zai faɗi. Girman kai ya hana ni gaya wa Baba, har Allah ya karɓi abinsa.

Yau na ɗaura wa Hadiza tsakuwa a zare, na ce kakanta ne ya koya mini.

Ku da iyayenku ke raye, wace magana kuke riƙewa har yanzu, ba ku gaya musu ba?