Katifar da Na Saya wa Baba

Ciwon bayan Baba ne ya kai mu shagon katifa. Shekara da shekaru yana sunkuye a gonarsa ta Gella, har ta kai idan ya kwana a tsohuwar katifar soso, da safe sai Mama ta kama hannunsa kafin ya miƙe. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin Mubi, na riga na dawo da su biyun wurina.

Wata Asabar na goya shi a mashin muka tafi kasuwa. Mai shagon, dattijo ne mai haƙuri, ya nuna mana wani yanki da aka yanka don mai saye ya ga ciki. Sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa, a jere, kowanne a ɗinke cikin 'yar jakarsa ta ƙyalle.

"Kowanne aikinsa yake shi kaɗai," in ji shi. "In ka juya, mai ɗakinka ba za ta ji ba. Kwanta ka gwada, Baba."

Baba ya ce shi ba zai miƙe a tsakiyar kasuwa ana kallonsa ba. Sai da aka saki labule. Da ya kwanta, katifa ta farko ta yi laushi, ya ce kamar ya faɗa cikin mayo, wato kogi. Ta biyu kuwa, wai ba ta da maraba da bencin coci. A ta uku ya daɗe a kwance, har na leƙa fuskarsa.

"Wannan ɗin," ya ce.

Mai shagon ya ja mana kunne: a cire ledar da ke jikin katifar don ta sha iska, kada ruwa ya taɓa ta, kada a naɗe ta, a riƙa juya kai zuwa ƙafa. Baba ya ƙi a cire ledar, wai za ta yi datti. Mama ta bari sai da ya tafi duba gona, ta sa reza ta yanke. Lahadin farko na kowane wata, in mun taso daga coci, ni da ita muke juya katifar, tana faɗa in na ja ta a ƙasa. Baba ya koma tashi da kansa. Kusan shekara biyu muka yi a haka.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, da hantsi ne. Na baro makaranta a guje, na tarar da titi cike da mutane, wasu da katifar soso a naɗe a ka. Mama tana tsaye a ƙofar ɗaki.

"Bayan babanka fa? A kan me zai kwanta?"

"Mama, ba ta naɗuwa. Mu tafi."

Ta ɗauko zane ta lulluɓe katifar, ta kulle ɗakin.

A ƙafa muka nufi Maiha. Inda hanya ta yi hawa sai in goya Baba, yana ba ni haƙuri. Daga baya muka samu mota zuwa Yola, muka sauka a harabar wani coci, tabarma a kan siminti. Baba bai taɓa tambayar gida ba, sai dai dawarsa da ba a girbe ba. Tari ya kama shi, ya daina iya zama, kafin damina ta faɗi ya rasu. Can muka binne shi.

Da muka dawo Mubi, ƙofa a ɓalle take. An jawo katifar zuwa falo an shimfiɗa a ƙasa, ga ƙunar sigari, ga baƙin mai, ga sawun takalmi. Na danna da hannu, na ji sifirin lafiya lau. Na ce zan goge ta, in shanya, in kai wa tela ya ɗinka mata sabuwar riga.

Mama ta daɗe tana kallonta.

"Ka san wanda ya kwanta a kai? Ka san me ya yi kafin ya zo ya kwanta?"

Ta juyo gare ni, ta ƙara da cewa:

"Ka fitar mini da ita."

Na ja ta bayan gida na cinna mata wuta. Hayaƙin ya yi baƙi, maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga, ya gani, ya koma. Mama ba ta fito ba.

Sati biyu ta ƙara a gidan, sannan ta ce in sa ta a motar Gella, za ta zauna wurin ƙanwarta. Na roƙe ta, ta ƙi. Na raka ta tasha da buhun kayanta guda, na tsaya har motar ta cika ta tashi.